Tufkar Bahago

Zafin bazarar bana ya kore ni daga ɗaki, na koma zama gindin dogon yaro kusa da rijiyar gidan ɗana a Goronyo. Iska ba ta motsi, ƙudaje ma sun gaji. Jiya jikata ta zo jan ruwa da waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana zazzaga wa mijinta faɗa, wai yana can Kudu tun safe bai kira ta ba. Tun safe fa. Ban tanka mata ba, don yaran yanzu in ka yi magana sai su ce tsufa ne. Igiyar da ke hannunta na tsura wa ido, shuɗiya ta roba, sumul, babu hannun kowa a jikinta. Irin wannan zafin aka yi a shekarun da igiya ce kaɗai ke gaya mini ko mijina yana raye.

Ni 'yar Rara ce, aka kawo ni aure wani ƙauye a ƙasar Kwargaba, bakin fadamar Rima. Sunan mijina Arzika. Yana duniya ban taɓa furta sunan nan ba, yanzu kuwa na wuce jin kunyar kowa. Bahago ne. Cin tuwo kaɗai uwarsa ta iya mayar masa dama, shi ma da duka, amma noma da tufka duk da hagu yake yi. In ya zauna tufka, a cinyar hagu yake murza kaba, sai murɗin igiyar ya fito a juye, ba irin na sauran mutane ba. Kowa a garin ya san igiyarsa, har ba'a ake yi masa da ita.

Lokacin babban yaƙin Turawa aka ce kowane gari ya ba da samari, aka tafi da shi aka sa masa kaki. Da muka ji ba za a ƙetara teku da su ba mun yi murna. Kan iyakarmu ta arewa aka ajiye su, don a lokacin Nasaranmu da na Faransa sun ɓata, an rufe hanya. Da kaka, ana cikin ɗaurin gero, masinja ya zo wurin mai gari. Wai Arzika da abokan aikinsa sun bi sawun wasu raƙuma sun tsallaka iyaka ba su sani ba, tunda ba wanda ya zana ta a ƙasa, sojan Faransa suka kama su suka yi arewa da su. Ko suna da rai ko an harbe su, masinja ya ce shi ba a gaya masa ba. Ina da ƙaramin ciki, gidan kuma daga ni sai Inna, uwarsa.

Rabin abincinmu yana wani yanki na fadama da yake shuka albasa. Mai gari ya ce ba a taɓa gonar soja muddin yana raye. Baffa Sanda, ƙanen uban Arzika, yana da 'ya'ya maza da yawa da ƙaramar gona. Ba zan ce mugu ne ba, amma tun daga ranar ya fara zuwa gaishe mu fiye da yadda ya saba.

"Yaya," ya ce wa Inna wata rana, "wanda Hwaransa sunka kama ba shi dawowa. A yi mai sadaka, yarinyag ga ta shiga takaba, kowa shi san matsayinai."

"Ka ga gawatai?" in ji Inna.

"Ban gani ba."

"To in ka gani ka zo ka hwaɗa min."

Rani ya shigo, mu biyu muka sauka fadama. Da sassafe za mu sha kunun jiya, Inna ta kama jigo tana ɗago ruwa daga ramin, ni kuma ina bin fangali da fartanya ina buɗe wa ruwa hanya ina toshewa. In rana ta take sai mu yi musanya. Laka ta farfasa mini dugadugai, bayana kamar zai tsinke, warin albasa ya bi jikinmu har cikin shimfiɗa. Ba ma maganarsa. In an ji takun doki a hanyar Wurno sai mu miƙe tare mu tsaya, har mai dokin ya wuce, sannan kowa ta koma aikinta ba ta dubi 'yar uwarta ba.

Da rani Fulani ke saukowa fadama da shanunsu. Akwai wata mai tallan nono, Dudu, da ta saba shigowa gidanmu. Wata rana ta shigo ta sauke ƙwarya, ba ta buɗe faifai ba, ta leƙa ƙofa, sannan ta kwance wata sabuwar igiya daga ƙugunta ta ajiye gaban Inna. Inna ta ɗauka ta bi ta da yatsa. 

"Hannunai na," ta ce. "Kulu, zo ki diba."

Murɗin a juye yake, a matse, kabar kuma ba ta gama bushewa ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

Dudu ta yi mana bayani ƙasa-ƙasa. Can arewa akwai wani bariki da aka tsare fursunoni ana sa su tufka igiyoyin raƙuma da na rijiya. Masu gadi kan sayar wa makiyaya rarar a bakin rijiyar barikin. Ƙanenta yana ba shanu ruwa, wani fursuna ya raɗa masa, in suna sauka Rima ya kai wannan gidan bahago a ƙasar Kwargaba. Iyakar saƙon ke nan, babu ko kalma ɗaya bayan haka.

"Don Allah kada ku hwaɗa ma kowa," in ji Dudu. "In anka ji, shanunmu za a amshe."

Ba ƙarya ta yi ba. A lokacin duk wanda aka kama da kayan wancan ɓangaren ɗan leƙen asiri ake kiransa. Dogarai na bin rumfunan kasuwar Goronyo suna kwance wa mutane kaya. An kama wani mai jaki da ɗan yadi, aka yi masa bulala gaban jama'a, aka tafi da shi Sakkwato, ban sake jin labarinsa ba. Kullum akwai sabuwar jita-jita, yau Faransa za su biyo gulbi da bindigogi, gobe an ce sun ƙone wani gari. Ran da jirgin sama ya ratsa ta kanmu, na yar da fartanya na kwanta rubda ciki cikin albasa da cikina da komai. Don haka murnar igiyar ba ta daɗe ba, ta koma tsoro. Inna ta shafe ta da laka don ta yi kama da tsohuwa, muka ɗaura ta a jigo inda kowa zai gan ta ba wanda zai kula.

Sai dai kafin ta shafe ta, dole ta nuna wa mutum ɗaya. Ta aika aka kira Baffa Sanda, ta sa masa igiyar a hannu. Ya juya ta, ya sansana. Na san kalma ɗaya zai kai wa dogari ya samu fadama, mu kuma mu samu bulala. Ya mayar mata, ya ce Allah shi ƙara tsarewa, ya fita. Kwana da kwanaki duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in ce dogarai ne. Bai kai ƙara ba. Mai gari ya tambaye shi, ya ce Arzika yana da rai, kada a tambaye shi yadda ya sani.

Igiyoyi suka riƙa zuwa jefi-jefi, duk lokacin da wani daga rugarsu Dudu ya saci hanya ya je ya dawo. Mu kuma abin da muke da shi muka mayar. Na daka ganyen albasa na dunƙula gabu, na shanya, Dudu ta ɓoye cikin kayanta. Ba mu iya rubutu ba, shi ma haka, ko mun iya wa zai yarda a kama shi da takarda a hanya?

Bazara ta zo da nata. An zo an auni hatsin kowane gida wai na soja, rumbunmu ya sauka ƙasa tun ba a ga hadari ba. Muka koma tsaki da dussa, sau ɗaya a yini. Inna kan shiga tabkin da ya rage ta tono bado, mu dafa mu ci, ciki ya cika amma jiki bai san an ci ba. Zafi kuwa, randa ma ruwanta ɗumi ne. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa, awaki na kwance jikin danga baki buɗe. Cikin wannan na haihu, namiji, ɗan siriri. Bayan suna na roƙi Inna ta miƙo mini turmi. Na dunƙula gabu manya guda biyu da wani ɗan mitsitsi, na ɗaure su wuri ɗaya. Dudu ta duba ta yi dariya, ta ce ko jaki aka nuna wa zai gane.

Igiya ɗaya ta ƙara zuwa bayan wannan, sai ruwa ya sauka, Fulani suka kwashe rugarsu suka yi arewa. Mun san haka suke yi kowace shekara, amma sani bai hana komai ba. Daminar nan ita ce mafi tsawo a rayuwata. Ruwan farko ya zo da iska ya kwashe mana rufin madafi. Muka yi shuka a tudu da ɗan irin da Inna ta ɓoye cikin tukunya, ina goye da jariri ina bin bayanta ina rufe rami da ƙafa. Rima ta cika ta shanye fadama, ba ka ganin komai sai ruwa ja da kan itatuwa. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya shiga gari, ana fita da gawar yara. Baffa Sanda ya turo 'ya'yansa suka yi mana noman farko, na gode masa, amma na ga yadda babban ke auna fadamar da ido ko da tana ƙarƙashin ruwa.

Azumi ya same mu gero bai nuna ba. Da kunun ganye muke buɗa baki. Nonona ya ja baya, yaro na tsotsa yana kuka, ni ma ina yi. Tsoro iri biyu nake kwana da shi, na yaron da ke hannuna da na ubansa. In na duƙa cikin gero ina cire ciyawa sai in ce a raina, mu da muke gida ke nan, to wanda ke tsare fa, me yake ci? Wata rana na kasa daurewa.

"Inna, in ba su dawo da komi ba hwa?"

"Mi kika son in ce miki?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Ciri haki."

Allah ya sa gero ya yi. Muka ci tumu har haƙoranmu suka gaji, aka yi girbi, ruwa ya janye, sai ga shanu suna gangarowa. Ran da na ji muryar Dudu tana tallan nono a bayan danga, zanina ya kusa faɗuwa wajen gudu. Igiya uku ta kawo. Na riga Inna ɗauka. Murɗin a juye yake, na yi hamdala da ƙarfi, sannan na sake dubawa. Tufkar ta yi sako-sako, wani wurin kauri wani wurin siriri, kamar ta mai koyo.

"Inna, mi ya sami hannunai?"

Inna ta karɓa ta bi ta da yatsa yadda ta saba, tun daga wannan baki har wancan. 

"Yunwa ta," ta ce. "Wanda bai ƙoshi ba ba shi matse igiya. Ke kin ga wada kika rame?"

Na tambayi Dudu ko ƙanenta ya gan shi ido da ido. Ta ce yanzu ba kowa ake bari ya fito rijiya ba, wani fursuna ne ya miƙo. Ta ɗauki ƙwaryarta da sauri, ta ce rana na yi mata. Na zaɓi in yarda da Inna, don ita ta haife shi, kuma don ɗaya maganar ba ni da inda zan ajiye ta. Aka sake nuna wa Baffa Sanda. Idonsa ya fara rauni, ya ga murɗi a juye, ya ce alhamdu lillahi. Muka sauka fadama muka dasa albasa.

Da babbar salla Inna da kanta ta ce in je a yi mini kitso, in sa lalle, kada mutane su ce gidanmu ana zaman makoki. Na yi. Na sa kwalli, na goya yarona na zaga dangi, ana ce mini matar soja. Igiyoyin ranin nan suka riƙa gyaruwa, kowace ta fi ta baya matsewa, ina cewa Inna kin gani, ya fara samun abinci. Sai ta ce haka ne.

Can cikin rani labari ya zo wai Turawan sun shirya, an buɗe hanya. Dogarai suka daina kwance kaya. Aka ce ana sako fursunoni kaɗan-kaɗan, an ga wani a Wurno, an ga wasu a Goronyo. Na wanke tufafinsa na ninke. Kullum sai na ƙara tuwo a tukunya, Inna na kallona ba ta hana ni ba.

Wata ranar bazara bayan azahar aka yi sallama. Baƙuwar murya ce. Na leƙa ta ramin zana, na ga dogon mutum ramamme da tsohon kaki. Ya ce sunansa Nomau, mutumin Rabah, daga arewa yake, a kira masa mazan gidan da liman. Na tura masa ruwa, aka tafi kiran Baffa. Ya zauna gindin bango yana jira. Akwai ɗaurin kaba da muka jingine a wurin. Ina jin bai ma san ya yi ba, hannunsa ya zaro ɗaya, ya tsaga, ya janye wando daga cinyar hagu ya fara murzawa. Wurin ya yi baƙi ya yi kanta, babu gashi ko ɗaya. Na tsaya ina kallon igiya tana fitowa daga hannunsa, murɗi a juye. Na san ta. Ita ce ke ɗaure a jigonmu tun kaka.

Ban yi ihu ba. Na dafa danga na tsaya har Baffa da liman suka iso.

Nomau bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ciwon ciki ne ya ɗauke Arzika a barikin da aka tsare su tare, farkon saukar ruwa. Su suka yi masa wanka da salla, ya san wurin da aka sa shi.

"Baba," ya ce wa Baffa, "da ya ga jikinai ya ƙi, sai ya kama koya min tuhka da hagu. Ya ce in igiya ta tsaya za a amshe hwadama, ga tsohuwa ga mai jego cikin yunwa. Ya sa ni rantsuwa in riƙa aikowa har a sake mu. Ni ba bahago ba na, na sha wuya kahin hannuna shi saba. Ku gahwarce ni."

Baffa Sanda ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana salati. Nomau ya ƙara da cewa gabun nan uku sun isa, Arzika ya zaga da ƙaramin yana nuna wa kowa, bai yarda an sa shi a miya ba.

Gaskiya ban gafarta masa a ranar ba. Haushi ne ya cika ni, nasa da na wanda ya sa shi. Mutum biyu sun zauna can sun yanke abin da ya kamata in sani da wanda bai kamata ba, na yi wata da watanni ina yi wa hannun baƙo addu'a. Na kuma san albasar ranin nan ita ta raya ɗana, sanin bai rage mini haushin ba. Daga baya mai gari ya bar wa yaron fadamar, Baffa ya riƙa noma ta muna rabawa har ya girma.

Da aka shafa fatiha, na yi magana daga bayan zana.

"Malam, yaushe za ni shiga takaba?"

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ko mace ta ji ko ba ta ji ba.

"Taki ta ƙare tun kaka, Kulu. Ba ki da sauran zama."

Wannan ta fi mini labarin mutuwar zafi. Ashe kwanakin da zan zauna masa sun wuce ina duƙe cikin gero ina sauraron shanu. Ga kitso a kaina, ga sauran lalle a farcena, kuma an ce ba abin da ya rage in yi masa.

Maza suka watse. Na shiga ciki na tarar da Inna zaune kan tabarma, idonta a bushe. Ta ji komai, amma ba ta yi kama da wadda ta ji sabon labari ba. Na tsaya a kanta.

"Inna, kin sani?"

"Ni na haihe shi, ni na bugi hannun nan har na gaji," ta ce. "Tun igiyak kaka na sani."

"Kika ce min yunwa ta."

"Kina shayarwa. Mi za ni ce miki?"

Ta jawo ni ta zaunar tsakanin ƙafafunta, ta zare mini ɗankwali.

"Malam ya hwaɗi nashi," ta ce. "Mu yanzu za mu hwara tamu."

Ta sa yatsu ta fara tsefe mini kitson, ina jin hawayenta suna sauka a wuyana.